Mutumin da Ya Koya Mana Duban Ƙasa: Don Hilario Bazán

Mai girma shugaban gari, Señor Ocampo, Kwamanda Irusta na sansanin sojan sama, Fada Nicanor, matarsa Mama Elvira da 'yarsa Graciela, mutanen San Telésforo, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a hankali. Zan gwada.

Marigayi Don Hilario ya kasance makaniken jiragen soja shekara talatin da ɗaya, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Baƙi suna zuwa garin nan su ɗaga kai su kalli sama, shi kuwa ƙasa yake kallo. Tun ranar da injin jirgi ya haɗiye ƙusa ɗaya a gabansa, matuƙin ya sha da ƙyar, ya roƙi kwamandan wancan zamani ya bar farar hula su shiga fili. Daga nan muka samo al'adarmu: jajibirin bikin jirage mu jeru kafaɗa da kafaɗa, mahauci da malamar makaranta da soja, mu taka titin jirgi daga farko har ƙarshe muna tsince tsakuwa. A faɗa mini wani garin da ke yin haka.

Ya kasance ba ya iya wuce ƙusa. Graciela, kin tuna ranar aurenki, yana riƙe da hannunki a tsakiyar coci ya tsaya cak, ya duƙa ya tsinci wani abu ya jefa aljihu. Mama Elvira ta ce ita ba miji ta aura ba, kaza ta aura. Shekara hamsin tana ɗinke masa aljihu.

Ya kasance mai tsohon jirgin saman nan da aka kafa a dandalin gari, ko da yake ba takardar da ta ce nasa ne. Shi ke fentinsa, shi ke korar tattabaru. Ni a littafin gyaran jirgin na ƙware a karatu bayan na bar makaranta. Yana shan shayinsa na mate yana cewa bakina ya fi farfela gudu, in rage mai.

Yau ba zan rage ba. Señor Ocampo, ranar Alhamis majalisarku za ta yanke ko a sauke jirgin a yi tashar motocin baƙi a gurbinsa. Baƙin me za su zo gani? Gasasshen namanmu? Akwai shi ko'ina. Gaban jirgin nan suke ɗaukar hoto, a ƙarƙashin fiffikensa rabinmu muka yi zance. Kun ce ya yi tsatsa. Na je wurin Don Hilario a asibiti, ya kama hannuna ya ce, "Kai sarkin surutu, fiffiken hagu ya rage. Fentin yana bayan ƙofa."

Mama, mun gama fiffiken jiya. Ki je ki gani, ba mu ba shi kunya ba.

Alhamis da safe za mu jeru a dandali, kafaɗa da kafaɗa. Mun saba. Señor Ocampo, ranka ya daɗe, kai ma ka taɓa shiga sahun nan, na ga hotonka da gajeren wando. Gurbinka yana nan.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Ubangiji, bawanka ya yi rayuwarsa yana share wa wasu hanya. Ka share masa tasa, kada tsakuwa ɗaya ta rage, ya sauka lafiya. Amin.