Sun Ba 'Yata Sifiri Saboda Waƙar Rabawa

Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Maman Rahila ce daga Trikania, raina a ɓace.

Lissafin rabawa ya daɗe yana sa Rahila kuka, sai talabijin ya fara nuna yara suna raba mangwaro da waƙa. Ta haddace waƙar tsaf, ta iya rabawa. Ranar jarrabawa tana rerawa a hankali, ta ci tambayoyin duka. Amma malaminsu ya ji ta tana waƙar, ya zane ta, ya ba ta sifiri.

Da na je, ya ce, "Madam, aji ba gidan rawa ba ne."

Na ce, "Malam, shekara guda kana koyarwa ba ta gane ba!"

Yanzu da an sa waƙar, sai ta fice waje. Masu sauraro, yaya zan yi ta sake rerawa?