Kunnen Bajimina a Ƙofar Gasa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ne Buba makiyayi daga Nguru.

Bara da masu yi wa shanu allurar cutar bushiya suka zo rugarmu, na ɓoye bajimina a jeji, don kada su tsaga masa kunne don shaidar allura su ɓata masa kyau. Gasar nunin dabbobi ta Gashuwa nake hari.

Da muka isa ƙofa, malamin dabbobi ya kama kunnen, ya ce, "Baffa, wanda ba shi da shaidar allura ba ya shiga." Na roƙa, na yi faɗa, ko gezau. Na ce a raina, talaka ya samu.

Ina tsaye sai ga wani babban Alhaji da nasa bajimin. Ashe surukin malamin ne. Malamin ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ya duba kunne, ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Tare muka juyo, ni da Alhaji!

Don Allah a gaishe min da malamin nan. 'Yan'uwana makiyaya, ku kai shanu allura. Bana an tsaga kunnen bajimina, ni na riƙe musu ƙahon da hannuna.