Tsagar Saitin Bohumil

A shagon mai gyaran bindiga a birnin Brno, wani dattijo ya leƙa akwatin tsohuwar da ke gabansa a layi, ya ga 'yar bindigar aljihu.

"Baiwar Allah, tsagar saitin nan ta baya ta yi miki ƙunci. Ki sa a faɗaɗa ta. Ɓarawo ba zai jira ki gyara tabarau ba."

"Mijina Bohumil ne ya goge ta daidai idonsa, da abin goge farcena. Ranar ko miyar kabeji ban zuba masa ba."

"To, shi zai harba miki?"

"Ya rasu bara."

"Ayya. Me ya kawo ki, in ba gyara ba?"

"Man bindiga. Ƙamshinsa ya fara barin rigunan Bohumil."