Mai Ganga da Mai Jirgi

A bakin ruwan Wara, Asibi mai kifin banda tana jiran jirgi ya cika, sai wani mai babbar riga ya leƙa kwandonta.

"Inna, kihinki da kyau, amma ɗan wanga? Da mi kike banda?"

"Rabin ganga."

"Ganga! 'Yan kudu suna neman kihi cikin mota guda, ke kina wasa da ganga? Gina murhun bulo mana."

"Haka suka ce, kafin su koma wajen maƙwabciyata."

"To?"

"To, gidanmu ba mu gina abin da ba ya ɗaukuwa a ka. Ubana ya gina murhun banda da duk gari ke zuwa kallo. Da aka tare ruwa a Kainji, ruwa ya haye garinmu, kihin da yake kyafewa su suka gaji murhun."

"Haba Inna, tun yaushe! Ai ruwa ya manta da ku."

"Madalla. Shi ya gaya maka?"

"Tsoro kika gada kawai. Kasuwa ba ta son matsoraci. Ni jirage uku gare ni, har wanga da za ki hau."

"Iye! Ashe da mai jirgi nike. Bisimilla, Alhaji, shiga gaba."

Ya gyara zaman hula. "Ni ta mota nike zagayawa."

"Ga jirginka?"

"Ruwa ya ci babanmu. Innarmu ta sa muka rantse."

Asibi ta ɗauki kwandonta, ta tattare zane, ta taka cikin jirgi.

"Allah ya jiƙansa. To, jarumi, a gaida kwalta. In ka iso, ka zo ka koya mini bulo."