Mutumin da Aka Aiko Ƙofar Gidana

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rahila, mutuniyar Maraɗi, matar Bulus direba, muna zaune nan Arlit.

Kun san a gidana mata suke addu'ar Laraba. To, da tsaro ya lalace a nan arewa, sai wani mutum ya fara zama kan dutse daura da ƙofata duk ranar taro, yana kallon mai shiga da mai fita. Kayan gida ya sa, amma bawan Allah ya manta bai cire takalman aikinsa ba! Kowa ya san daga komisariya yake, ofishin ƴan sanda.

Mata suka fara janye jiki, kowace tana tsoron kada a taɓa aikin mijinta a kamfanin ma'adinai. Ni kuwa tsoro ya ci ni. Abinci ya fita raina, jinina ya hau. Ga haushi kuma: me mata masu waƙa za su yi wa ƙasa? Har na yanke shawarar rufe taron.

Wata Laraba na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, ka kawar mini da mutumin nan!" Ina tashi na leƙa, sai ga shi cikin ranar nan ta Arlit, leɓensa ya bushe ƙamas. Wayyo, kunya! A gidan uwata ba a barin mutum a ƙofa babu ruwa, ko wane ne shi.

Na ɗebo ruwan randa, na kai masa. Ya shanye tas, ya ce, "Mama, aiko ni aka yi."

Na ce, "Ɗana, tsare mu kuke yi, ko tsoronmu kuke ji?"

Ya sunkuyar da kai. "Duka biyu, Mama."

"To, in duba mu za ka yi, shigo inuwa ka duba da kyau."

Sunansa Aghali, Musulmi ne, ɗan Gougaram. Yanzu a zaure yake zama. Ya raina shayina, wai ruwa ne zalla, shi yake dafa mana. In la'asar ta yi, ni nake miƙa masa buta.

Ban ce daidai ne a riƙa sa mana ido don muna sujada ba. Na faɗa masa ido da ido, na ce ya kai wa manyansa. Amma tsoron ya tafi, jinina ya sauka, matan duk sun dawo. Haleluya!

Larabar da ta wuce bai zo ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ku ji ikon Allah: ni da na roƙa a kawar da shi, ni ce na fara durƙusawa ina cewa, "Uba, ka tayar mana da Aghali."

Na gode wa Yesu. Ƴan'uwa, ku kai masa tsoronku, ya san yadda zai yi da shi. Amin.