Saƙo Bakwai a Iyakar Seme

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku yi haƙuri in ba da shaidar nan a zaune, kumburin ƙafafuna bai gama sacewa ba tun da na dawo.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rifkatu, Maman Hannatu mai masa a bakin Sabo, nan Ibadan. Tun maigidana yana raye nake suya a wurin. Mutanen unguwa sun riƙe ni da mutunci, suna ce mini mai amana, ni kuma sunan ya shiga kaina. Gaskiya zan faɗa a gaban Allah: na fi dogara ga sunan nan fiye da addu'a. Ban iya cewa a'a ba, don kada a daina yabona.

Wata uku da suka wuce saƙo ya zo daga Kwatano cewa 'yata Hannatu ta haihu, amma sai da aka yi mata aiki. Ba uwa kusa, ba ƙanwa, mijinta kuma yana fita aiki tun asuba. Dole in je, ni kaɗai, ni da ban taɓa wuce Legas ba.

Kun san halin Sabo. In aka ji za ka yi tafiya, kowa sai ya tuna yana da ɗan'uwa a can. Hajiya Ladi maƙwabciyata ta aiko da ƙullin daddawa in kai wa 'yarta. Wata ta kawo turare, wata hular jariri, wata wasiƙa a cikin tsumma. Da na wasu mutum biyu, na karɓi shida. Ranar tafiya da safe sai ga Tanko, wani mutum da ke sayen masa a wurina kullum, riƙe da kwali an ɗaure shi da igiya.

Ya ce, "Mama, jọ, don Allah, sabulu ne kawai. Ƙanwata za ta same ki a tasha. Ai ke ba a jin tsoron ba ki kaya."

Wannan yabon ne ya rufe mini baki. Na karɓa, ya zama na bakwai. Kuma a wurinmu ba a buɗe saƙon mutane, abin kunya ne.

Tafiyar ba sai na ba ku labarinta duka ba. Daga Ibadan zuwa Legas, daga Legas zuwa Seme, shinge bayan shinge, a sauka a hau. Daddawar Hajiya ta cika mota da wari, fasinjoji suna harara ta, ni ma ina zaginta a zuci. Kafin mu isa iyaka rana ta take, takalmina ya matse, bayana kamar an daka shi a turmi.

A Seme direba ya ce kowa ya ɗauki kayansa ya ƙetare da ƙafa. Na zauna a inuwar rumfar wata mai sayar da ruwa don in huta, daga nan ina hango layi. Na ga ma'aikata suna soka dogon ƙarfe cikin buhuna, suna yanka burodi biyu. Na ga an wuce da wata mata sa'ata, ankwa a hannu, ɗankwalinta ya faɗi ba wanda ya ɗaga mata. Mai ruwan ta ce da ni ƙwaya aka samu a kayanta, kuma a zamanin sojan nan wanda ya shiga da irin wannan laifi sai dai a ji labarinsa.

Ban yi wata doguwar addu'a ba, ba ni da ƙarfinta. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya Yesu, na gaji. 'Yata tana kwance, ba mai ɗora mata ruwan zafi. Ka kai ni."

Ban ji murya ba, kada in yi muku ƙarya. Tambaya ɗaya ce ta zauna mini a ƙirji ta ƙi tashi: in sun ce me ke ciki, me za ki ce? Ki ce ba ki sani ba?

Na juya wa hanya baya na fara kwance saƙon mutane. Daddawa dai daddawa ce. Turare, hula, wasiƙa, da sauran biyun. Kowane ƙulli na buɗe sai kunya ta rufe ni, ina cewa Rifkatu, yau ke ce da wannan aiki. Da na zo kan kwalin Tanko har na so in bari. Na yanke igiyar da haƙori. Sabulu ne, jere da kyau. Amma kowane ɗaya yana da siririn layi a tsakiya, kamar an raba an sake mannewa. Na danna ɗaya da babban yatsa, ya buɗe, sai ga ƙaramar leda da farin gari a ciki.

Nan take na gane ƙwaya ce. Na lallaɓa zuwa masai na rami da ke bayan rumfuna, na jefa su ɗaya bayan ɗaya, har kwalin. Na wanke hannu na shiga layi.

Wata ma'aikaciya ce ta same ni. Ta ce, "Madam, wetin you carry?" wato me na ɗauko. Na lissafa mata komai, domin yanzu na sani. Ta zazzage jakata a kan tebur. Ta ɗauki sabulun da na saya da kaina don wankan jariri, ta sa wuƙa ta raba shi huɗu a gabana, ta duba, ta tura mini. Da kwalin nan yana nan, 'yan'uwa, da ba ni ce a gabanku yau ba. Halleluya!

A tashar Kwatano ba ƙanwar kowa da ta zo. Wani ƙato ne ya tare ni yana tambayar saƙon Tanko. Surukina yana tsaye kusa da ni, gajiya kuma ta cinye mini tsoro. Na ce, "Yana Seme, cikin masai. In kana so ka je ka ɗebo." Ya dube ni, ya juya ya tafi.

Na iske Hannatu ta rame, ko zama ba ta iya yi sosai. Da ta gan ni sai kuka. Ranar na yi wa jikana wanka da gutsuren sabulun da aka yanka, kuma da gutsattsarin nan huɗu na yi ta yi masa har suka ƙare.

Da na dawo Sabo, Tanko ya ɓace, ba wanda ya san inda ya yi. Na shiga wurin Hajiya Ladi na faɗa mata na buɗe ƙullinta. Ta ce, "Maman Hannatu, da kin bar shi a rufe, wa zai riƙa aiko mini da masa?" Wasu kuwa har yau suna cewa Rifkatu mai buɗe saƙo ce. Yana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma sunan da nake taƙama da shi ya kusa kai ni kurkuku, Yesu ne ya kai ni wurin 'yata.

Na gode wa Ubangiji. Wanda ya gaji a cikinku, ya faɗa masa haka kawai, yana ji, ku dogara gare shi. Wanda kuma yake da saƙo zuwa Kwatano, ya kawo, zan kai, amma a gabana zai kwance shi. Amin.