Ɗakin Kwali

A tashar mota, wani tsohon magini ya ƙura ido ga ɗan ɗakin kwalin da ke kan cinyar wata ɗaliba.

"'Yata, wannan abin wasa ne ko aiki?"

"Aikin makaranta ne, Baba. Bana muka fara koyon zane. Aka ce kowa ya auna ɗakin da yake kwana, ya yi ƙaraminsa da kwali."

Ya bi bangon da ɗan yatsa, kamar yadda ya saba. "Hannunki na da kyau, kusurwa ta zauna. Waɗannan tsinkayen ashana da kika jera a ƙasa fa?"

"Mu ne. Ni da Inna da ƙannena."

Ya ƙirga a zuci. Tara.

"Malamin ya kayar da ni," ta ce. "Wai na yi kuskuren awo, mutum tara ba sa kwana a ɗaki kamar wannan. Sau uku na auna, Baba."

"To ki yi masa yadda yake so mana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki rage tsinkayen, ki wuce wurin."

"Tun jiya nake kallonsu. Wa zan cire?"